Gidan kallon da ke nuna ƙananan gasannin Sifaniya a Garwa: abin da na gani cikin wata huɗu

Tun farkon watan Nuwamba nake zuwa wani gidan kallon ƙwallo da ke bayan kasuwar unguwarmu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma yanzu da zafi ya fara kankama, ina ganin na zauna a bencinsa gwargwadon da zan iya faɗin ra'ayina a kansa ba tare da na zalunci mai shi ko na ruɗi mai karatu ba. Gidajen kallo ba baƙin abu ba ne a garin nan, domin daga Hausare zuwa Yelwa da wuya mutum ya yi tafiyar minti goma a ƙafa bai ga allo jingine da bango an rubuta wasannin ranar da alli ba. Abin da ya ware wannan gida daga sauran shi ne, ban da Real Madrid da Barcelona da gasar Firimiya ta Ingila waɗanda kowa ke nunawa, mai gidan ya keɓe tsakar ranar Lahadi da daren Litinin ga ƙananan gasannin Sifaniya, wato rukuni na biyu da na uku, inda ake samun 'yan wasan da ba za ka taɓa ganin sunansu a bayan rigar gwanjo a kasuwa ba.

Na buga tsaron baya a ƙungiyoyin unguwa a lokacin ƙuruciyata, yanzu kuma ina horar da yara kimanin ashirin, 'yan shekara 13 zuwa 17, a wani filin ƙasa kusa da gida. Babbar wahalata da su ita ce babu mai son tsayawa a baya. Kowa so yake ya zama Vincent Aboubakar, ɗan wasan gaban Kamaru, kuma ban ga laifinsu ba, tunda ɗan garin nan ne kuma daga Coton Sport ya tashi, amma dole ne wani ya tsare gida idan ana son ƙwallon da aka ci ta yi amfani. Na daɗe ina neman inda zan zaunar da su su ga mai tsaron baya yana aikinsa na cikakken minti 90, maimakon guntun bidiyo na daƙiƙa talatin da suke turawa juna a waya, kuma abin da ya kai ni gidan ke nan.

Wurin kansa ba shi da wani ado. Ɗaki ne mai tsawo da rufin kwano, da benci goma sha biyu waɗanda za su ɗauki mutum sittin idan an matsu, da talabijin biyu a bangon gaba. Babbar tana kan tauraron ɗan'adam don manyan wasanni, ƙaramar kuwa an haɗa ta da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma ta nan ne wasannin rukuni na uku ke shigowa ta intanet, da kuɗin da mai gidan ke biya daga aljihunsa. Kuɗin shiga dala ashirin ne, wato sefa 100, a ranar ƙananan wasanni, dala arba'in kuma a daren Kofin Zakarun Turai. Akwai sola da batir, akwai kuma ƙaramin janareta a bayan ɗakin, kuma a duk zuwan da na yi sau ɗaya ne kawai ɗaukewar wuta ta tsayar da kallo fiye da minti biyar. A ƙofar gidan akwai mai shayi da wata dattijuwa mai sayar da folere mai sanyi, da dare kuma mai tsire yana kafa tukubarsa a tsallaken hanya.

Mai gidan saurayi ne da bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ranar da na fara zuwa na tambaye shi abin da ya sa yake kashe kuɗinsa a kan wasannin da ba sa cika masa ɗaki, sai ya ce: "Malam, ai Málaga ce ta jawo ni. Na fara son ta saboda Kameni, da ta faɗi kuma na kasa rabuwa da ita." Wanda ya san tarihin zai gane maganarsa. Carlos Kameni, mai tsaron ragar Kamaru, ya bar Espanyol zuwa Málaga a farkon 2012, ƙungiyar ta faɗo daga babbar gasa a 2018, ta sake faɗawa rukuni na uku a 2023 kafin ta koma na biyu a 2024. Shi kuwa ya yi ta bin ta tana gangarowa, har ya wayi gari ya san sunayen garuruwan da ko a taswira sai an lalubo su.

Wannan sanin nasa shi ne rabin abin da mutum ke saye da dala ashirin ɗinsa. A gefen allon wasanni ya zana tsanin gasannin ƙasar da alli, kuma duk sabon zuwa yakan tsayar da shi ya yi masa bayani kafin a take wasa. Babbar gasa tana da ƙungiyoyi 20. Rukuni na biyu yana da 22, kowace tana buga wasa 42 a kaka, uku su hau, huɗu su faɗi. Rukuni na uku kuwa, daga 1977 zuwa 2021 sunansa Segunda B, kuma a mafi yawan shekarunsa ƙungiyoyi 80 ne a kashi huɗu, amma huɗu kacal ke samun hawa a ƙarshen shekara, saboda haka ƙungiya na iya zama ta ɗaya a kashinta ta kuma rasa hawa a wasan cike gurbi. A 2021 hukumar ƙwallon ƙasar ta sake tsari, ta kafa Primera Federación mai ƙungiyoyi 40 a kashi biyu, inda ta ɗaya a kowane kashi ke hawa kai tsaye, ta biyu zuwa ta biyar su fafata a kan gurbi biyu, biyar na ƙarshe kuma su gangara rukuni na huɗu mai ƙungiyoyi 90. Abin da ya fi ba yarana mamaki shi ne ƙananan ƙungiyoyin manyan kulob, irin su Real Madrid Castilla da Bilbao Athletic, a cikin wannan tsani ɗaya suke bugawa, ta yadda yaro ɗan shekara 18 da ake renon sa don ya zama tauraro yakan yi karo da magidanci ɗan shekara 35 wanda abincin iyalinsa ya rataya a kan sakamakon wannan wasa.

Daren Litinin, idan babu wasa kai tsaye, mai gidan yakan sa tsohon wasa daga cikin waɗanda ya tara a kwamfutarsa, kuma a irin wannan dare ne, cikin sanyin Janairu, na kai yara takwas suka ga wasan da har yau suke maganarsa. Wasan Kofin Sarki ne na Janairun 2012 tsakanin Mirandés da Espanyol, zagayen daf da na kusa da na ƙarshe. Mirandés ƙungiyar garin Miranda de Ebro ce a lardin Burgos, gari na mutum dubu talatin da 'yan kai, kuma a rukuni na uku take a lokacin, a ƙarƙashin koci Carlos Pouso, ta riga kuma ta fitar da Villarreal da Racing Santander, dukansu 'yan babbar gasa. A wasan farko a gidan Espanyol tana gaba da 2 da 0 har kusa da tashi, sai aka zura mata uku cikin 'yan mintuna. A wasa na biyu, a ƙaramin filinta na Anduva, Espanyol ta Mauricio Pochettino ce ta fara ci, sannan Pablo Infante, kyaftin ɗin Mirandés wanda ma'aikacin banki ne da rana, ya farke. Minti 90 ya cika, an shiga ƙarin lokaci, aka sami bugun tazara, Infante ya ɗago ƙwallon, sai ga mai tsaron baya César Caneda ya sa mata kai ta faɗa raga. Jimilla ta zama 4 da 4, Mirandés ta wuce da dokar ƙwallon da aka ci a waje da ake aiki da ita a lokacin, ta zama ƙungiya ta biyu daga Segunda B da ta taɓa kai wasan kusa da na ƙarshe a wannan kofi, bayan Figueres a 2002. Wasan da aka yi shekara goma da ɗoriya da suka wuce ne, amma ɗakin ya tashi tsaye da ihu kamar a daren ake yin sa.

Bayan an tashi, mai gidan bai kashe talabijin ya kori mutane ba. Ya ɗauki alli ya fara jera ƙungiyoyin da Caneda ya bugawa, tun daga saman allo har ya kai ƙasa, kuma a ganina wannan jeri ya fi ƙwallon da ya ci darasi. An haife shi a Vitoria, a yankin Basque, a 1978, ya tashi a makarantar horar da yara ta Athletic Bilbao, ƙungiyar da ba ta ɗaukar kowa sai 'yan yankinta. Ya kai ga babbar ƙungiyar, ya buga babbar gasa, amma bai taɓa kafa gindinsa a cikin sha ɗayan farko ba, sai aka yi ta ba da shi aro: Salamanca, sannan Sevilla a kakar da ta ɗauki kofin rukuni na biyu a 2001, sannan Racing Santander wadda ita ma ta hau a 2002. Wato sau biyu a jere yana taya wasu hawa, shi kuma a mayar da shi benci a gida. Da ya rabu da Athletic sai ya bi ta Eibar, da Cádiz can kudu a bakin teku, da Alavés ta garinsu, har ya gangara Guijuelo, garin da bai kai mutum dubu goma ba, yana da shekara 31, lokacin da mutane da yawa za su ce ƙwallo ta ƙare masa. Daga nan ne ya je Mirandés a 2010, kuma yana da shekara 33 lokacin da ya ci waccan ƙwallo. A wasan kusa da na ƙarshe an haɗa shi da gidansu na asali, Athletic ta Marcelo Bielsa, wadda ta fitar da su, amma a ƙarshen wannan kaka Mirandés ta hau rukuni na biyu a karo na farko a tarihinta. Bayan shekara biyar a can ya koma Racing, ya wuce UD Logroñés, yana cikinta lokacin da ta hau rukuni na biyu a 2020 yana da shekara 42, daga nan ya koma ɗaya ƙungiyar garin, SD Logroñés, ya ci gaba da bugawa a rukuni na uku.

Ɗaya daga cikin yarana, wanda kullum yake ƙunci idan na ce ya koma baya, ya ƙirga sunayen da yatsa, sannan ya juyo ya ce: "Koci, to wannan ya ci nasara ne ko bai ci ba?" Na ce masa ya duba shekarun tukuna. Mutum ya fi shekara ashirin ana biyan sa don ya buga ƙwallo, a matsayin da kuskure ɗaya ke jawo wa ƙungiya faɗuwa, kuma duk ƙarshen kaka sai an sami kocin da ya ga yana bukatarsa. Koci ba ya ɗaukar ɗan shekara arba'in don tausayi. Yana ɗaukar sa ne don ya san inda zai tsaya kafin ƙwallo ta taso, ya san lokacin da zai tura layin baya gaba a kama abokin hamayya da satar gida, ya san yadda zai yi wa saurayin da ke gefensa tsawa ba tare da ya karya masa zuciya ba, ya kuma kula da jikinsa ta yadda ba ya kwana a gadon jinya. A cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a filayen ƙasa na Garwa da Marwa da Ngaundare, wanda Allah ya nufa da zuwa Turai, rayuwar da ta fi yiwuwa ya tarar ita ce irin ta Caneda: kwantiragin shekara ɗaya, sabon gari, sabon gidan haya, doguwar tafiya a bas. Ko Samuel Eto'o sai da aka ba da shi aro ga Leganés a rukuni na biyu a 1997, Thomas N'Kono kuma bayan shekarunsa a Espanyol ya tsare raga a Sabadell da L'Hospitalet.

Ga mai son koyon tsaron baya, hoton waɗannan ƙananan wasanni yana da wani amfani da ban zata ba. Tunda kyamarorin ba su da yawa, galibi daga sama ake ɗauka, daga nesa, ba a yawan kawo fuskar ɗan wasa kusa ko maimaita abu sau biyar. Wanda ya zo don ƙawa zai ga hakan a matsayin nakasu, amma ni ina ganin 'yan bayan nan huɗu gaba ɗaya a kan allo, ina iya nuna wa yaro da yatsa yadda na dama ke shigowa ciki idan na hagu ya tafi gaba, da yadda ɗaya daga cikin na tsakiya ke fita ya tari ɗan gaba yayin da ɗayan ke rufe masa baya. Filayen ma da yawa ƙanana ne, wasu na ciyawar roba, ana yawan ɗaga ƙwallo sama, ana yawan bugun kusurwa, saboda haka a wasa ɗaya yaro zai ga sa kai da tsalle da riƙe abokin hamayya fiye da abin da zai gani a wasa uku na Barcelona. Mai gidan kuma bai taɓa hana ni magana da yarana a lokacin wasa ba, muddin mun zauna a bencin baya.

Wani abin da nake yaba masa shi ne ba ya ɓoye wa samari ɓangaren kuɗi. Shi ne ya nuna mana hoton 'yan wasan Racing Santander a Janairun 2014, lokacin da suke rukuni na uku, sun tsaya a da'irar tsakiyar fili sun rungumi kafaɗun juna sun ƙi buga wasan Kofin Sarki da Real Sociedad saboda watannin da suka yi ba albashi. Shi ne kuma ya gaya musu cewa UD Salamanca, wadda Caneda ya bugawa, ta rushe a 2013 saboda bashi, haka ma tsohuwar CD Logroñés ta mutu a 2009, kuma daga kufanta ne ƙungiyoyin nan biyu na garin suka fito a shekara guda. Wannan magana tana da nauyi a wurinmu, domin kowa a nan ya san gidan da aka sayar da fili ko shanu aka miƙa wa wani da ya ce shi wakilin 'yan wasa ne, yaro ya tafi ya maƙale a wata ƙasa babu ƙungiya babu kuɗin dawowa. Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata sai a 'yan yanayi ƙalilan da aka keɓe, kuma na ji mai gidan yana faɗa wa wani uba haka a ƙofar ɗakin, cikin ladabi, yana cewa: "Baba, ku bari ya kai shekarun tukuna, ku kuma nemi takardar gayyata daga ƙungiyar kanta."

Duk da haka akwai abubuwan da ya kamata a gyara, kuma na gaya masa su baki da baki kafin in rubuta su. Na farko zafi. Fanka biyu ba za su ishi ɗaki mai rufin kwano ba da tsakar rana, kuma tun ƙarshen Fabrairu zaman ya fara zama wahala, ga Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Ko silin na tabarma aka yi zai rage. Hoton ƙaramar talabijin yakan tsaya idan intanet ta yi rauni, kuma sau biyu an ci ƙwallo muna kallon allo a daskare, sai daga ihun mai sharhi muka sani. Sharhin kuwa da Sifaniyanci yake, babu mai ji a cikinmu, shi ya sa idan mai gidan ya fita aika ko sayen man janareta sai kallon ya koma rabi. Bencin ba su da majingina, abin da dattijo zai ji a ƙugunsa kafin a je hutun rabin lokaci. Wanda ya fi damuna shi ne masu cacar ƙwallo. Ranar Lahadi da rana ba su da yawa, amma daren Asabar ɗakin nasu ne, kowa da takardarsa a hannu, ana zagi idan ta ƙi ci, kuma ba na kai yaro ko ɗaya a wannan dare. Mai gidan ya hana shan taba a ciki kuma ana bin dokar, ina ganin zai iya hana wannan ma, ko da a ranakun da ya san yara na zuwa.

Maganar lokaci tana bukatar kula. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya ne da na Sifaniya, saboda haka wasan ƙarfe 12 na ranar Lahadi, wanda shi ne lokacin da ƙananan ƙungiyoyi da yawa ke bugawa, ƙarfe 12 ne a nan ma, hutun rabin lokaci kuma yana zuwa bayan rana ta karkata. Mai gidan yana ajiye butoci da tabarmi a inuwar bango, mutane su yi Azahar cikin jam'i su koma, kuma yakan rage sauti har a idar. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris kuwa Sifaniya na tura agogonta gaba da awa ɗaya, wasan zai koma ƙarfe 11 a wurinmu, kuma tunda yakan kwafo lokacin ne yadda ya gan shi a intanet, na roƙe shi ya riƙa rubuta lokacin Garwa a kan allo.

Wanda ke neman gwaninta da taurari zai fi jin daɗin kuɗinsa a wani gidan mai babban majigi da kujerun roba, kuma akwai su da yawa a kan babban titi. Amma mai horar da yara, da uban da ɗansa ya ƙwallafa rai a kan ƙwallo, da duk wanda ya taɓa tsayawa a baya ya san daɗin tare ƙwallo a kan layi, ina ba su shawarar su gwada daren Litinin tukuna, su zo da wuri su kama benci na uku daga baya inda iskar fanka ke kaiwa, su kuma roƙi mai gidan ya sa musu wasan Anduva. Ni da yarana mun riga mun yi magana da shi cewa idan an shiga wasannin cike gurbi na hawa rukuni na biyu a watan Yuni, zai ajiye mana benci biyu, mu kuma mu kawo tabarmin da za a yi silin.